Wa ya fi kowa hom-ron a tarihin besbol?

Malam ka tambayi wanda ya fi kowa hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili. A gasar MLB ta Amurka Barry Bonds ne da 762, sai Hank Aaron 755, Babe Ruth 714. Amma fa ni wallahi Aaron nake girmamawa, don a 1974 da ya karya tarihin Ruth yana Atlanta Braves wasiƙun barazanar kisa aka dinga aiko masa saboda baƙar fata ne, kuma bai fasa ba, shi ko Bonds zargin shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi har yau bai bar shi ba. In ko duniya gaba ɗaya kake nufi to Sadaharu Oh na Japan ne, 868.