Tambaya da Amsa: Me tsuntsayen teku suke ci, me suke sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. A nan Zariya mun san shamuwa, takan zo da damina ta tafi da kaka. An ce akwai tsuntsayen da ke shafe watanni a kan teku ba su taka ƙasa ba. To me suke ci, ina kuma suke samun ruwan sha?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan gishirin nan dai shi suke sha. A saman idanunsu akwai wasu 'yan ƙulli biyu da ke tace gishiri daga jini, ya ɗigo ta hanci, tsuntsu ya girgiza kai ya yar. Ƙoda ita kaɗai ba za ta iya ba.

Cimarsu ƙananan kifaye ne da jatan lande. Amma yawancin teku fayau yake. Abinci yana taruwa ne inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, kamar gaɓar Muritaniya da Senegal, don haka dole a yi tafiya. Tsattsewar teku ta yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, wadda nauyinta bai wuce giram 100 da 'yan kai ba, takan yi ƙwai a tsibirin Girinlan, ta gangaro ta gaɓar Afirka ta Yamma har Antaktika a ƙuryar kudancin duniya, ta koma: kusan kilomita 70,000 a shekara. Ba ta miƙe hanya ɗoɗar, iska take bi, ko da zagaye ne.

Albatiros kuwa, wani babban tsuntsun teku mai faɗin fukafukai har mita 3.5, da ƙyar yake kaɗa su. Yakan fuskanci iska ya hau, ya juya ya sulalo, haka yini guda. In iska ta kwanta, sai ya zauna kan ruwa ya jira. Da hanci yake gano abinci daga nesa, abin da ya ci kuma yakan zama maiƙo a cikinsa, shi yake amayar wa ɗansa.

Wannan hancin ne ke kai shi ga halaka. Yakan bi jiragen masunta, ya haɗiye koton da ke jikin ƙugiya, igiya ta ja shi ƙasa ya nutse. Ƙwai ɗaya tak uwa ke yi, a manyan nau'o'insa ma shekara biyu sau ɗaya, shi ya sa asarar ba ta saurin mayuwa. Maganin ba tsada: a jefa ƙugiya da dare, a ɗaura mata nauyi don ta nutse da wuri, a rataya ƙyallaye a bayan jirgi su kori tsuntsaye.