Fatawa: Auren Zumunci da Lalurar Ƙwaƙwalwa ta Gado

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da mijina 'ya'yan wa da ƙane ne a nan Katsina. Yaranmu biyu sun yi jinkirin zama da tafiya, babban shekararsa 7 amma bai haɗa magana ba. Likita ya ce lalurar gado ce, surukata kuwa ta ce daga jinina ne, a sallame ni. Shin aurenmu da laifi? Zan iya dakatar da haihuwa? Kuma salla za ta hau kan yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, aurenku halal ne, domin aya ta 50 a Suratul Ahzab ta ambaci 'ya'yan baffanni da na kawunnai cikin waɗanda aka halatta, kuma Annabi (SAW) ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Aliyu. Amma halaccin abu ba ya hana a duba illarsa.

Shari'a ta san da gado a jikin mutum. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Balaraben ƙauye da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, sai Annabi (SAW) ya tambaye shi ta ina raƙumansa jajaye suka haifi mai ruwan toka. Ya ce wataƙila jijiyar asali ce ta fizgo shi, Annabi ya ce to ɗan naka ma haka. Da wannan aka wanke uwar yaron.

A irin lalurar da ta fi fitowa a auren dangi, uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halitta mai tawaya alhali lafiyarsu ƙalau, kamar yadda muka sani a sikila idan AS ya auri AS, kuma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta a haifi yaro mai lalurar. A nan, jinin da ake zargi jinin gidan mijinki ne ma, tunda kakanku ɗaya. Ko da lalurar irin wadda ke bin ɓangaren uwa ce, ba ke kika zaɓa ba, don haka ɗora miki laifi zalunci ne, kuma abin yana min ciwo yadda ake yawan yi wa mata haka.

Ku nemi a tura ku wajen likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a tantance dalilin, domin wahalar naƙuda, shawarar jarirai da sanƙarau su ma suna haifar da irin wannan jinkiri. Ruƙiya ta shari'a ba ta hana zuwa asibiti.

Game da haihuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta ba da tazara ko dakatarwa na wani lokaci idan akwai buƙata ta shari'a kuma ma'aurata sun yarda, ta hana tsayar da ita gaba ɗaya sai bisa larura. Halinku buƙata ce karɓaɓɓiya. Zubar da ciki kuwa, sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne hani.

Yaron bai balaga ba tukuna, kuma idan ya balaga hukunci yana bin gwargwadon hankalinsa, saboda hadisin ɗauke alƙalami daga wanda ba ya cikin hankali. Idan yana gane alwala da raka'a, a riƙa koya masa a hankali, ba duka ba tsawa, kada kuma a kulle shi a ɗaki don kunyar baƙi. Rabonsa na gado cikakke ne, waliyyinsa ya riƙe masa ya ciyar da shi daga ciki. Allah ne mafi sani.