Tambayi Likita: Kariya daga cututtuka masu yaɗuwa a ɗakin majinyata

Tambaya: Likita, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Allurar da aka yi wa wani majinyaci ta soke ni a yatsa lokacin da nake mayar mata da murfi. Na matse wurin har jini ya fito, na shafa sifirit. Hakan ya wadatar?

Amsa: 'Yata, bai wadatar ba, kuma kada ki bari a kwana. Abin da ake yi shi ne a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai zuba. Ba a matsewa, ba a tsotsa, ba a zuba bilic, domin babu wanda yake fitar da cutar a cikinsu. Daga nan ki sanar da shugabar ɗakin, a gwada jininki, a gwada na majinyacin da izininsa. Cututtuka uku ake nema: HIV da ciwon hanta nau'in B da nau'in C.

Idan majinyacin yana ɗauke da HIV, ko ba a san matsayinsa ba, akwai maganin kariya da ake kira PEP. Ana fara shi cikin sa'o'i 72, amma a sa'o'in farko ya fi aiki, kuma ana shan sa kwana 28 ba fashi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B. A cikin mutum 1,000 da allura mai ɗauke da HIV ta soka, kusan 3 ne ke kamuwa, amma na hantar yana iya kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Rigakafin allura uku ne: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Bai kamata ɗalibi ya taka ɗakin majinyata ba tare da shi ba.

Nan gaba kada ki mayar wa allura murfi da hannu biyu. Ki jefa ta yadda take a kwalin allurai, kuma ya kasance kusa da ke kafin ki fara aikin. Idan kwalin ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi, ba a danna abin da ke ciki.

Tambaya: Malam Likita, ina jinyar mahaifina. Na ga nas ta duba mutum uku da safar hannu ɗaya. Akwai matsala?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Akwai matsala babba. Safar tana kare hannun mai ita, amma tana kwasar ƙwayoyin cuta daga gado zuwa gado. Kowane majinyaci da tasa safar, kuma bayan an cire ta sai an tsaftace hannu, saboda tana iya samun ƙaramar huda da ido ba ya gani, ko a taɓa bayanta wajen cirewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta 5 na tsaftace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai buƙatar tsafta kamar wanke ciwo ko sa ƙarin ruwa, bayan taɓa jini ko fitsari da makamantansu, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Sanitaiza ana murza ta daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta bushe, sabulu da ruwa kuwa 40 zuwa 60. Idan hannu ya ɓaci a zahiri, ko majinyacin yana gudawa, sabulu ake amfani da shi. Babban yatsa da kan yatsu ne aka fi mantawa. Kana da ikon tunatar da nas ɗin cikin ladabi, kai ma ka riƙa wanke naka.

Tambaya: Likita, an mayar da ni ɗakin masu tarin fuka. Takunkumin da muka saba sawa zai kare ni?

Amsa: A'a, Malama. Ƙwayar tarin fuka tana daɗewa a cikin iska, takunkumi na yau da kullum kuwa yana da kafa ta gefe. Naki shi ne N95, takunkumi na musamman mai tace iska da ke manne wa fuska. Ki matse ƙarfen hancin, ki busa numfashi, idan kin ji iska tana fita ta gefe to bai zauna ba. Takunkumin da kuka saba, majinyacin mai tari ne zai sa. A bar tagogi a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Wajen cire kayan kariya aka fi kuskure: safar hannu ce farko, takunkumi ne ƙarshe, bayan kin fita ɗakin, kuma ta igiyarsa za ki kama, kada ki taɓa gabansa.

Tambaya: An sa wa mahaifiyata robar fitsari. Me za mu kiyaye?

Amsa: Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta zauna ƙasa da mararta, amma kada ta taɓa ƙasa. Idan aka ɗora ta a kan gado fitsari zai koma ciki da ƙwayoyin cuta. Kada robar ta lanƙwashe, kada ku raba ta da jakar. Kullum ku tambayi nas ko lokacin cirewa ya yi, domin kowace rana da ta ƙara, haɗarin yana ƙaruwa. Idan zazzaɓi ya taso, ko ciwon mara, ko fitsarin ya daina zuba, ku faɗa nan take.