Mugun da ba ya sa hannu a takarda

Ka tambaye ni yadda ake rubuta gajeren labari a kan masu yanke wa mutum hukunci daga nesa, su cuce shi ba su nuna fuska ba. Maganar yadda ake buɗe labari da raɗa wa taurari suna ba zan ɓata yawuna a kanta ba, wanda bai san wannan ba me ya kawo shi wurina?

Na duba abin da ka kawo. Mugun naka jajayen idanu, muguwar dariya, a ƙarshe mota ta kaɗe shi ya tona wa kansa asiri a gadon asibiti. Yaro, wa ya gaya maka haka suke?

A 2007, shekarar da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, na fitar da tarin gajerun labarai. Ɗaya a kan wata bazawara ce ma'aikaciyar jinya, unguwa ta sa mata ido don tana dawowa da dare. Babu batsa ko kalma ɗaya. Wani dila a Sabon Gari ya kwashi kusan duka bashi, in ya sayar ya biya, kamar yadda aka saba. Sai ga takarda ana rabawa bayan sallar Juma'a, ba suna, sai "Mai kishin al'umma". Wai ina koya wa mata yawon dare! Dilan nan ya ce shi ba ya taɓa kayan fitina. To dawo mini da kayana mana. Ya ce an kwashe. Daga baya da idona na gan su a Zariya an baza a tabarma ana ciniki. Ko sisi bai ba ni ba, filin da na sayar na biya maɗaba'a ya tafi ke nan. Ban yafe ba.

Abin da ya fi ci mini rai, takardar ta ambaci mutuwar auren ƙanwata, zancen da na kusa kaɗai suka sani. Wato da wanda muke gaisawa ne.

Shi za ka rubuta. Mai fara'a, mai riga kowa zuwa jana'iza, wanda har zuciyarsa ya yarda gyara yake yi. Kada ka bayyana shi. Bar mai karatu ya zargi maƙwabciya, ya zargi aminiya, kamar yadda matar da ake cuta a labarin ke zargi. Nuna yadda gaisuwa ke gajarcewa, yadda aka daina gaya mata biki da suna.

Ku yaran yanzu ba ku iya wannan haƙurin ba. Kuna rubutu a waya, kuna zubawa a WhatsApp tun bai nuna ba, masu karatu na cewa a hukunta mugu sai ku hukunta. Je ka sake shi daga farko, kuma a takarda nake so in gani.