Ga ƙanina mai shirin karatu a Jamus: batun tiram

Ƙanina, na ga tambayarka game da tiram, jirgin nan mai bin dogo a tsakiyar titunan birni, wanda za ka riƙa hawa kullum idan Allah ya kai ka Leipzig. Ka tambaya ko yana da haɗari. Muddin kana cikinsa ka kwantar da hankalinka. Damuwata tana kan lokacin da kake ƙasa, kana tsallaka layinsa.

Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne ladabin direbobin mota. Nan da nan za ka saba da cewa da zarar ka sa ƙafa a kan fararen layukan tsallakawa, motoci za su tsaya maka. To, dokar hanya ta Jamus ba ta ɗora wa tiram wannan wajibi ba, shi ne zai wuce, kai ne za ka jira. Ƙafafunsa ƙarfe ne a kan ƙarfe, nauyinsa yakan kai tan 40 ko fiye, kuma ko direba ya ja birkin gaggawa, tazarar da zai ci kafin ya tsaya ta ninka ta mota fiye da sau biyu. A lokacin kaka, idan jiƙaƙƙen ganye ya kwanta a kan dogo, santsi yana ƙara wannan tazara, duk da yashin da jirgin yake zubawa a gaban ƙafafunsa. Kaucewa kuwa ba ta hannun direba ko kaɗan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jirgi na biyu. Mutum ya sauka a tasha, ya zagaya ta bayan wanda ya sauke shi yana sauri, bai san wani yana tahowa a ɗaya layin ba, domin na farkon ya tare masa gani. Da lantarki suke tafiya, ba su da ƙara sosai, kuma mai abin sauraro a kunne ba zai ji ƙararrawa ba. Saboda masu tafiya ido a kan waya ne birnin Augsburg ya dasa jajayen fitilu a ƙasa a wasu matsallaka a 2016. Shingen ƙarfe mai lanƙwasa da za ka gani a wasu wurare kuma an yi shi ne don ya juya fuskarka zuwa inda jirgi yake fitowa, saboda haka kada ka tsallake shi.

Kada ka tsaya dab da dogo, musamman a kwana, domin jikin jirgin ya fi layin faɗi. Idan ka sayi keke, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi, ka riƙa ƙetare dogo a miƙe, ba a karkace ba, don kada taya ta faɗa cikin tsagin ƙarfen ta kayar da kai. Lambar agajin gaggawa ita ce 112, ka haddace ta tun kafin ka taso.