Na haihu a Ingila, ɗana ya zama ɗan ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana yana digiri na uku a Ingila, ina tare da shi a kan bizarsa ta karatu, kuma watan jiya na sauka lafiya. Ƙawata da ta haihu a Amurka ta ce ɗanta ya samu fasfo, wai nawa ma haka ne, har mu iyaye za mu zauna albarkacinsa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Amma ƙawarki da mudun Amurka ta auna miki Ingila.

A Amurka, gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulki a 1868 ne ya ba wanda aka haifa a ƙasar haƙƙin zama ɗan ƙasa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a 1898 a shari'ar Wong Kim Ark, wanda iyayensa 'yan Sin ne. 'Ya'yan jami'an diflomasiyya ba sa ciki. Can ɗin ma an taɓo batun: ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin hana 'ya'yan marasa takardu da na masu bizar wucin gadi wannan haƙƙi, alƙalai suka taka masa birki, magana ta kai Kotun Ƙoli.

Ingila kuwa ta rufe wannan ƙofa tun 1 ga Janairun 1983. Sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zama na dindindin ranar haihuwar. Bizar karatu ba ta kai nan ba, don haka ɗanki bai zama ba tukuna. Na ce tukuna, domin in ke ko mahaifinsa kuka samu izinin dindindin kafin ya cika 18, yana da haƙƙin a yi masa rajista. Haka ma in ya yi shekaru 10 na farko a ƙasar, ba tare da ya wuce kwana 90 a waje cikin kowace shekara ba. Ki adana takardun asibiti da na makaranta, su ne shaidarki ranar da za a tambaya.

Zancen zama albarkacin jariri ne ya fi damuna, don yana sa mutane su yi sake har biza ta mutu. Ko a Amurka, sai yaro ya kai 21 kafin ya nema wa iyayensa izinin zama. Ki gaya wa ƙawarki haka. Ku kuma, kafin ku fita da shi zuwa ganin dangi, ku nema masa bizar ɗan rakiya irin taki, in ba haka ba dawowa da shi zai yi wuya.