Hukuncin Harhaɗa Kiɗan Fim da Rarraba Shi Ba da Izinin Masu Shi Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, kuma ina ɗan taɓa aikin tace sauti a sutudiyo. Akwai wani fim na Amurka na jaruman nan masu ƙarfin ban-mamaki da nake matuƙar son kiɗansa. Kiɗa ne zalla, babu waƙa, babu muryar mace. Albam ɗin da kamfani ya fitar bai kai rabin abin da ke cikin fim ɗin ba, shi ya sa na shiga tattara sauran. Wasu na ciro su daga faifan fim ɗin, wasu kuma wani ne ya turo mini, wai daga sutudiyon da aka ɗauki kiɗan suka fito. Na jera su yadda suka zo a fim, na yi musu bango. Niyyata in ɗora a Telegram kyauta, ko sisi ba zan karɓa ba. Shin akwai laifi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗora. Tambayarka ta haɗa mas'ala biyu, hukuncin kiɗan kansa da haƙƙin masu shi.

Game da kiɗa, abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai, har da mazhabobi huɗu, shi ne haramcin sauraron kayan kiɗa, in ban da duffi a biki da idi. Hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari daga Abu Amir ko Abu Malik al-Ash'ari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce za a sami wasu mutane daga al'ummarsa da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Sai kuma fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi wa aya ta 6 a Suratu Luƙman. A Risala ma, wadda muka tashi da ita a zaure, Ibn Abi Zaid ya faɗi ƙarara cewa bai halatta mutum ya saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba. Ibn Hazm ya saɓa, ya ce isnadin hadisin Bukhari, wato jerin masu ruwaito shi, ya yanke, Ibnus Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani suka nuna a haɗe yake. A zamaninmu Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi ya halatta kiɗa da sharuɗɗa. Saɓanin yana nan, ba zan ɓoye maka shi ba, amma ni maganar jumhur, wato mafi yawan malamai, ce ta fi ƙarfi a wurina. Cewa babu waƙa babu muryar mace ya rage wani ɓangare na ɓarna, sai dai kayan kiɗan ne hadisin ya ambata, kuma kiɗan irin waɗannan finafinai goge ne da ƙaho da ganguna na makaɗa masu yawa.

Akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi a aikinka musamman. Malamai sun bambance tsakanin ji da saurare. Wanda kiɗa ya faɗo wa kunne yana wucewa, ba shi da hukuncin wanda ya zauna dominsa. Wanda ke kallon fim yana iya cewa labarin yake bi, kiɗan biye yake. Kai kuwa aikinka gaba ɗaya shi ne raba kiɗan da labarin. Ka buɗe layukan sauti shida na faifan, ka kashe na tsakiya inda maganar 'yan wasa take, ka sa manhaja ta share ƙarar bindiga da rugugin mota, har kiɗan ya tsaya shi kaɗai. Bayan wannan wahala babu sauran cewa ji ne ba saurare ba. Idan kuma ka watsa shi, ka zama mai kira zuwa gare shi, alhali Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

To mu ɗauka ka bi Ibn Hazm bisa ilimi, ba don son zuciya ba. Ko a haka ƙofar rarrabawa ba ta buɗe maka ba. Duk wanda ya ce kiɗa halal ne, dole ya yarda cewa dukiya ce mai daraja, mai ita kuma yana da haƙƙi a kanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta zartar da ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Ba zai yiwu ka ɗauki halacci daga wancan malami, sannan in an zo maganar haƙƙi ka koma wa masu cewa kayan kiɗa ba su da daraja ba. Ra'ayi ɗaya za ka riƙe, kuma kowanne ka riƙe ya hana ka ɗorawa.

Gajartar albam ɗin ma tana da dalili. Faifan CD ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 80, alhali irin wannan fim kan ƙunshi kiɗa mai tsawon da ya fi haka nesa. A Amurka kuma, in makaɗan da ke cikin ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa ne suka buga kiɗan, akan biya su ƙarin kuɗi idan za a fitar da shi a albam. Galibi kamfanin fim ne ke da mallakar, ba mawallafin kiɗan ba, kuma yakan sayar da lasisi daga baya. Kiɗan da Danny Elfman ya yi wa fim ɗin Batman na 1989, sai a 2010 kamfanin La-La Land Records ya fitar da faɗaɗɗen bugunsa da izini. Ka ga abin da kake gani kamar an yasar, ajiya ce da masu ita ke iya kai wa kasuwa ko bayan shekara ashirin. Rashin karɓar kuɗi bai wanke ka ba. Wanda ya buɗe rumbun maƙwabcinsa ya raba wa mutane hatsi kyauta, bai ci ko ƙwaya ba, amma ya cutar da mai rumbu. Mun ga yadda masu satar fasaha suka karya 'yan fim da mawaƙa a Kano, da yawansu ma ta hanyar turawa a waya ne kawai.

Kada kuma wani ya ce maka ai dukiyar waɗanda ba Musulmi ba ce. Mugira ɗan Shu'uba ya zo ya musulunta da dukiyar da ya ƙwace ta hanyar yaudara a jahiliyya, Annabi ya karɓi musuluncinsa ya ce babu ruwansa da dukiyar. Tsakaninmu da waɗannan mutane akwai alkawari: Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallakar fasaha tsakanin ƙasashe, tana kuma da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, Allah kuwa ya ce a cika alkawura.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne fayilolin da aka turo maka daga sutudiyo. Irin waɗannan ba sa fita sai wani da aka amince wa, injiniya ne ko mai tace fim, ya ci amana, ko kuma an yi kutse. Kai ma'aikacin sutudiyo ne, ka san yadda mawaƙi ke barin aikinsa a kwamfutarka ya tafi gida da kwanciyar hankali. Karɓar abin da ka san ta wannan hanya ya fito haramun ne ko da karatu ne ba kiɗa ba. Ka goge su, kada ka tura wa kowa.

Abin da ya rage shi ne wanda ya sayi albam da faifan fim da kuɗinsa, ya jera wa kansa su a wayarsa, bai ba kowa ba. Ta fuskar haƙƙi wannan ya fi sauƙi, kuma wasu malamai sun sassauta a kwafin amfanin kai. Ta fuskar saurare kuwa hukuncin farko yana nan, ni ba zan ba ka fatawar halacci ba.

Gwanintar da ta iya zare murya daga cikin hayaniya tana da masu nema. Akwai tsofaffin kaset na tafsiri da karatun malamanmu da suka rasu, sautinsu ya dushe, iska da ƙarar janareta sun rufe maganar. Ka nemi izinin iyalansu ko ɗalibansu, ka tace, ka jera darussan bi da bi yadda ka jera wancan.

Allah ne mafi sani.